Ranar da Zongo Ta Ɗaga wa Goggo Hannu

Goggona ba ta taɓa kiran abin da take yi aiki ba. Tun ina ƙarama matan unguwar Zongo ke sauke mata yara da safe, su buga moto, wato babur, su wuce kasuwa. Tabarmi uku ne a gindin darbejiya, da tukunyar kunu, da doka guda: mai jin fitsari ya ɗaga hannu. Ni ma a kan tabarmar nan na koyi ɗaga nawa. Yara na kiranta Yaba, wato kaka da Mosanci.

Wata rana wata jami'a ta zo ta duba gidan. Ta yaba tsafta, ta sha kunu har kofi biyu, sannan ta ce wuri irin wannan sai da rajista, in ba haka ba a rufe. Ko dai a yi shi makarantar kuɗi, ko a yi ƙungiya wadda ba ta neman riba.

Da yake ni ce ’yar lakwal ɗin gidan, wadda ta yi boko, ni na fassara. Goggo ta ce, “Makarantar kuɗi? ’Ya’yan mutane zan ɗora a tire? Rubuta ƙungiya.”

Na rubuta. Sai da na zo karanta mata dokokin na gane inda matsalar take. Ƙungiya ba ta da mai ita. Mambobi ne ke taruwa su zaɓi shugaba.

“To in ba su zaɓe ni ba fa?” ta tambaye ni a hankali. “Ban iya Faransanci ba, ’yar nan. Ko sunana da yatsa nake sawa.”

Ban taɓa ganin tsoro a idon matar nan ba sai ranar, kuma ya taɓa ni ƙwarai. Kwana uku kunun yana fita tsululu.

Ranar taro tsakar gida ya cika. Har wata da ta koma unguwar Larle ta zo da goyo. Goggo kuwa ta shige ɗaki ta saki labule, wai tana neman carbi. Na fara karanta takarda, wata mai sayar da atamfa ta katse ni da guntun Faransancinta: “Ke dai wuce wurin perezidan ɗin, bon, rana na yi!”

Na ce duk mai son Yaba ta shugabance mu ta ɗaga hannu.

Shirun da ya biyo baya ne ya fito da ita. Ta tsaya a bakin ƙofa. Iyaye duka hannu sama, rabinsu ita ta yi musu tsarki suna ƙanana. Yaran ma da suka ga haka suka ɗaga, wasu har bibbiyu.

Ta daɗe tana kallonmu. Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce, “Duk ku fitsari ne? To, a bi layi.”