Tsohon da na rubuta a allo

A shekarata ta huɗu da fara koyar da Hausa a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata a Zango, darasin auna fahimta ya kusa sa ni ajiye alli. Yaran sun iya karatu, ba laifi. Tambaye su sunan garin da ke cikin labari, hannuwa za su tashi kamar ana rabon alewa. Amma da zarar na ce, "Me ya sa matar ta rufe ƙofa da ta hango maƙwabciyarta?" sai aji ya yi tsit, kowacce ta sunkuya tana bin layi da yatsa. In ta gaji sai ta ɗago ta ce, "Malama, ba a faɗa ba." Akwai wadda ta ce mini a Islamiyya an hana su zato, don haka ba za ta ɗauki alhakin matar ba. Matar cikin littafi fa! Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba, ranar sai da na buga tebur.

Na ce bari in bar littafin in rubuta musu nawa labarin, gajere, mai amsa a fili. Ban sha wahalar ƙirƙira ba, domin a lokacin akwai abin da ke ci mini rai.

Wata biyar ke nan rabona da gidanmu a Dutsi. Mahaifina, tsohon malamin gona, ya afka wa amalanke da babur ya kurje gwiwa. Da na je duba shi, bakina ya riga hankalina, na ce masa a gaban maƙwabta, "Baba, girma ya zo, a haƙura da babur ɗin nan." Abubuwan da suka biyo baya suka tabbatar mini ya yi fushi da ni. Na ba da haƙuri har na gaji, daga nan ni ma na ɗauki nawa fushin, na ɗauke ƙafa. Abin yana ƙona ni, don duk cikin 'ya'yansa ni ce ta gaban goshi.

Ga abin da na rubuta a allo, ban sa sunan kowa ba:

"Wani dattijo 'yarsa ta faɗa masa magana a gaban mutane. Bayan mako biyu ta hango shi a kasuwar Mai'adua, ta ɗaga masa hannu, ya dubi wajen da take, ya wuce. Ta tura masa saƙo uku a waya tana ba shi haƙuri, bai mayar ba. Ta kai masa sabuwar hula, ya karɓa ya shafa, ya ajiye bai ko ɗaga ta ya duba ba. Ranar sunan ɗanta ya zo, aka miƙa masa jaririn, ya shafa kansa ya yi addu'a, yana kallon bango."

A ƙasa na sa tambaya: "Me ke damun dattijon? Kawo hujja daga labarin."

Sai ga hannuwa. "Fushi yake, Malama!" "Ta raina shi ne!" Wata ma ta ce 'yar ba ta da tarbiyya. Na haɗiye wannan, na ce da kyau, ga shi kun fara gano abin da ba a rubuta ba. Har na juya zan goge allo.

"Malama, ni dai a ganina ba fushi yake ba."

Wata doguwar yarinya ce da ke zama a bencin baya, daga wani ƙauye na bakin iyaka. Tun farkon zangon karatu ban ji muryarta sau uku ba.

"To mene ne?"

"Ba ya gani ne."

Aji ya kwashe da dariya. Ni ma na yi murmushi irin na malamai, na ce ta kawo hujja.

Ta miƙe, tana murza gefen hijabinta. "Mai fushi kau da kai yake yi, shi kuwa kin ce ya dubi wajen. Kuma hular nan, haka kakata take yi in an kawo mata atamfa, da hannu take dubawa. Saƙon waya ma, ƙila bai san an turo ba. Kuma Malama, in fushi yake da ita, me zai taso da shi ya zo suna?"

Dariya ta tsaya. Na juya na sake karanta allon daga farko, rubutun hannuna, kalmomina, kamar wani ne ya shigo ya rubuta su.

"Malama," ta sake cewa, "wace magana ce 'yar ta faɗa masa? Ba ki rubuta ba."

Na ji bakina yana cewa, "Karo ya yi da amalanke a kan babur, ta ce ya daina hawa."

"Da rana?"

"Da rana tsaka."

Ta gyaɗa kai ta zauna. Ba ta san abin da ta yi ba, jira take in ce daidai ne ko kuskure. Ni da nake buga wa 'ya'yan mutane tebur don ba sa lura, ga hujja huɗu na jera da hannuna, kuma duka huɗun na karanta su a baibai, saboda tun farko na riga na sa kaina a tsakiyar labarin. Tsoro da kunya suka rufe ni lokaci guda.

Na nemi izini wurin shugabar makaranta, na biya gida na goya ɗana, na shiga motar haya. A hanya na kira ƙanena da ke zaune tare da Baba, na ce ya faɗa mini gaskiya game da idonsa. Ya ce, "Yaya, ya hana ni faɗa. Ki dai zo."

Na isa bayan la'asar. Baba yana zaune a tabarma a ƙofar gida, rana ta haske wurin tar. Na tako har gabansa, tsakaninmu bai fi taku huɗu ba, na tsaya ban yi sallama ba. Allah ya yafe mini, gwada shi nake, ina roƙo a zuci ya ɗago ya harare ni. Da ya harare ni, da na yi murna.

Ya ɗago. Idonsa ya sauka can gefen kafaɗata.

"Wane ne? A ƙaraso mana."

Da ƙyar sallamar ta fito. Yana jin muryata fuskarsa ta washe. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kirana da sunana ba.

"Uwata! Ai tun daga kan kwana na hango ki. Kawo mini mutumin nawa."

Ya miƙo hannu biyu, ya miƙa su inda ba kowa. Na kwance goyon, na durƙusa, na ja gwiwa a hankali har na koma daidai inda hannuwansa suke.