Muryar Yaya Sale a Tashar Baure

Wata huɗu ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ina tsoron tona asirin mamaci, ina kuma tsoron in yi shiru alhaki ya ci gaba da hawa kansa. Karatuna bai wuce firamare ba, sai a yi haƙuri da rubutun. A watan gobe wana, Yaya Sale, zai cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Kafin bana na ɗauka ba wanda ya san shi kamar ni.

Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Da ƙuruciya yana rakiyar motocin shanu zuwa Legas, har ya zauna can shekara shida. Da ya dawo Daura sai ya zama ladanin masallacin unguwarmu. Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a, shi ya fara fito da buhun kaset-kaset ɗinsa na kiɗa, ya juye a ƙofar gida bayan la'asar, jama'a na kabbara. Ni na zuba kananzir. Tun daga ranar, ko waƙar talla aka sa a rediyo sai ya miƙa hannu ya rage.

Da ya rasu na tarar da kaset tara a adakarsa, kowanne cikin kwalin wa'azi. Ranar sadakar arba'in na ce bari in yi masa abin da ladansa ba zai yanke ba. Na raba su ga limamai da ladanai da suka zo daga Baure da Dutsi da Babban Mutum. Ni da ke sake alwala sau uku in na yi kokwanto, ban saurari ko ɗaya ba.

Bana na je Baure gaisuwar rasuwa. Ina tasha da tsakar rana ina jiran mota ta cika, sai wani mai faci ya kunna waya. Ganga ce da wata jita mai kauri da ake ji a ƙirji, kiɗan ya ɓace ya dawo da amsa-kuwwa kamar an yi kira cikin rijiya. Na miƙe zan matsa ina istigfari. Sai murya ta shigo. Ba waƙa take rerawa ba, magana take jerawa a kan bugun:

"Shanu talatin, mu bakwai bisa katako.
Kowane shinge a ƙirga shanu, mu ba mai ƙirga mu.
Audu ya faɗo a gada, direba ya leƙo,
ya ce shanun dai lafiya?"

Muryar Yaya Sale ce, wadda ta yi shekaru tana tashinmu asalatu. Na zauna a kan taya. Mai facin ya ce, "Baba, ko ba ka karya ba ne?" Da na tambaye shi inda ya samo, ya ce ai ta daɗe tana yawo a wayoyi, ba wanda ya san mai ita. Wai 'ya'yan wani liman ne a Babban Mutum suka kai tsofaffin kaset ɗin ubansu a juye musu don kada wa'azi ya ɓata, sai wannan ta fito.

Ina isa Daura na wuce wurin matar Yaya Sale, Yaya Hajara. Tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Da na gaya mata abin da na ji, ta ce a Legas mijinta ya zauna ɗaki ɗaya da wani mutumin Gana mai fayafayin regge. Wasu fayafayin gefe guda ba waƙa, ganga ce da jita kawai, mutanen Jamaika kan ɗora magana a kai game da yunwa da 'yan sanda. Dab yake kiran abin. Da ya dawo sai ya riƙa yi da Hausa, rediyo biyu, ɗaya na kiɗa, ɗaya na ɗauka. Kafin ƙonawar nan ya ware tara ya sauya musu kwali.

Na ce, "Yaya, kina gani ina miƙa wa limamai, ba ki ce komai ba?"

Ta ce, "Ina takaba, kai kuma ba ka tambaya ba. Na kuma san ka, Malam Isa. Da na faɗa maka, kafin magariba ka nemo kananzir."

Na yi mata sallama na fita.

Tun ranar nake bin sawu. Biyu daga waɗanda na ba sun rasu. Wani ya ce rediyonsa ya lalace tun kafin ya kunna. Wani dattijon ladan a Dutsi ya daɗe yana dariya, ya ce ya ji tun makon farko, ya yi shiru don sutura, kuma ba sau ɗaya ya ji ba. Har yau ban sani ba ko akwai wanda ya taɓa sa shi a lasifikar masallaci.

Na tambayi malamai biyu. Na farko ya ce kiɗa kiɗa ne, duk kunnawa ana rubuta zunubi a kan mai shi da wanda ya yaɗa, wato ni. Na biyu ya saurara har ƙarshe, ya ce bai ji batsa ba, bai ji ƙarya ba, in yi masa addu'a in bar wa Allah. Na fito da damuwar da na shiga da ita. Ban san abin da nake aika wa ɗan'uwana cikin kabari ba, lada ko akasinsa, kuma waya ba buhu ba ce da za a juye a ƙofar gida.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Wataƙila kunya ta hana shi fita. Wataƙila kuma ya ji daɗi cewa 'yan kamasho a tasha sun haddace sunan Audu, wanda ko kabarinsa ba a sani ba. Wanda ya ƙona da wanda ya ɓoye duk mutum ɗaya ne, ni kuwa rabinsa na sani.

Makon jiya mai facin nan ya aiko mini da wata da ban taɓa ji ba. Tana gab da ƙarewa Yaya ya ce, "Ƙanena Isa, mai tsoron taka tururuwa, zauna in gaya maka abin da na kasa gaya maka a zaure." A nan zaren kaset ya ƙare. Wanda ya juye bai juya ɗaya gefen ba, 'ya'yan limamin kuma ba su san inda kaset ɗin ya shiga ba.

Don haka nake roƙon masu karatu na Baure da Dutsi da Babban Mutum da kewaye. Duk wanda ya san inda kaset ɗin nan yake, ko ɗaya daga sauran, ya sanar da ni ta hannun editan wannan jarida. Ban yanke abin da zan yi da su ba tukuna. Amma don Allah kada wanda ya ƙona, kada wanda ya goge, sai na ji abin da yake son gaya mini.