Gaisuwar Nanret a Gidan Madam Shen

Duk wanda ya san Nanret ya san ba ta iya wuce mutum ba ta gaishe shi ba. A Pankshin ta jihar Filato aka haife ta, a gidan da gaisuwar safe kan sa shayi ya huce kafin a sha. Ta yi shekara goma sha ɗaya tana koyarwa a firamare, tana jan waƙa a zumuntar mata ta coci, kafin ta zo Manchester aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Takardar zamanta a ƙasar a jikin aikin nan take rataye. In aikin ya tafi, ita ma ta tafi, har da 'yarta Chloe da ta fara makaranta a unguwar Withington.

Shi ya sa ranar da manaja ta kira ta ofis ta ce an kawo ƙara a kanta, takardar nan ce ta fara faɗo mata a rai. Ba a faɗa mata mai ƙarar ba. An dai ce wani gida ba ya jin daɗin zuwanta, kuma in aka sake, za a zauna a duba maganar aikinta.

A bas ɗin Oxford Road ta kira mijinta Choji, wanda ke aiki a Birmingham, sai ƙarshen mako yake zuwa.

"Baban Chloe, an yi mini complaint. Bethany ta wurin aikinmu ce, ba wata ba. Tun da aka ba ni morning shift take kallona a karkace."

"Kin tabbata, Maman Chloe?"

"To wa? Ni da nake gaida kowa har karen gida?"

Mako guda ta yi tana zargin duniya. Bethany, abokiyar aikinta, in ta yi mata murmushi sai ta ce munafunci ne, in ba ta yi ba ta ce ai ga shi nan. Ta zargi tsohon da ke ƙorafin gishiri, ta zargi matar da ta ce cokalinta ya ɓata. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa shiga lissafinta ba, wato Madam Shen, 'yar ƙasar Sin da ta kusa saba'in, wadda ɓarin jikinta ya shanye.

Ai Nanret ta fi ƙaunar gidan nan a kan kowane. Ta haddace sunayen dangin tsohuwar kaf, kuma kowace safiya sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Yaya 'yarki Mei? Yaya mijinta? Tarin jikan ya yi sauƙi? Su wa suka zo ranar Lahadi? Wannan mai goge a cikin hoto fa, Baba ne? Tsohuwar ta amsa da kalma ɗaya, idonta na bin Nanret daga ɗaki zuwa kicin. Ita kuwa baiwar Allah ta ɗauka ciwo ne ya rage mata magana, sai ta ƙara ƙaimi don ta ɗebe mata kewa.

Ranar Alhamis ta tarar da Mei, 'yar Madam Shen, tana jiranta a bakin ƙofa. Cikin Turanci, murya ƙasa-ƙasa, Mei ta ce, "Mama ce ta sa na kai ƙarar. Ki yi haƙuri, ki saurare ni."

Ashe Madam Shen tana 'yar shekara tara aka shiga juyin juya halin al'adu a ƙasarsu, lokacin da samari masu jan ƙyalle a damtse ke bi gida-gida suna ƙona tsofaffin littattafai da kayan kiɗa. Ubanta makaɗin goge ne, irin nasu mai tsirkiya biyu. Ya ɓoye nasa a buhun shinkafa, yana fito da shi in ya kulle taga, ya toshe ta da tsumma don kada sauti ya fita. Suna da wata maƙwabciya mai fara'a da ke tare yarinyar kullum da safe, ta tambayi uwa, ta tambayi kaka, ta tambayi ko Baba yana kewar sana'arsa. Yarinya ta ce ba ya kewa, ai kullum yana yi. Bayan kwana uku samarin nan suka zo. Aka farfasa gogen a tsakar gida, aka tura uban aikin gona can nesa. Da ya dawo bayan shekara takwas, yatsunsa ba sa lanƙwasuwa.

"Mama ta ce ba mai riƙe sunayen dangin wani haka kawai," in ji Mei. "Tana tambayata wa kike kai wa."

Abin ya yi wa Nanret ciwo har ƙashi. "Ki gaya mata a wurinmu haka ake gaisuwa. Wanda bai tambayi mutanenka ba, bai ɗauke ka mutum ba."

"Na gaya mata. Ta ce waccan maƙwabciyar ma mutuniyar kirki ce."

Sharaɗi ɗaya aka gindaya. Ta ci gaba da zuwa, amma ban da tambaya ko ɗaya, in ba haka ba ƙara ta biyu za ta tafi ofis. Nanret ta tuna Chloe, ta ce ta yarda.

Ta kuwa cika alkawari, yau shekara guda ke nan, kuma aikinta na nan. Amma akwai wata safiyar Talata da ba ta son tunawa. Ta shiga ta tarar da Madam Shen cikin fararen kaya irin na makokinsu, idanu sun kumbura, turare na hayaƙi a kan tebur. Ba sai an gaya wa 'yar Filato an yi rasuwa ba. Ta jiƙa tawul ta goge wa tsohuwar fuska, ta ba ta magani, ta ba ta kunun shinkafa a baki, ta ja ƙofa ta fito ba ta yi tambaya ko ɗaya ba. A tashar bas ta zauna ta yi kuka, mutane na ratse ta. Har yau ba ta san wanda ya rasu ba.