Ranar da Gwaggo Ta Zo Sannu da Zuwa

Shekarar da ɗiyata za ta ƙare jami'a, ta dawo gida Madawa hutu da ordinater ɗinta, wato kwamfuta, fuska ba walwala. Malaminta ya ce in ba ta samo rubuce-rubucen masana kan ruɓewar albasa a ajiya ba kafin hutu ya ƙare, sai baɗi. Baɗi kuma! Na ce ba a gidana ba.

Ta gwada mini yadda abin yake. Ɗakin karatun jami'a yana da rumbun takardu cikin intanet. Ta sa lambar sirri, ta rubuta abin da take nema, sunaye su zubo, ta yi ta tsinta kamar mai tsintar wake. Amma in ta tashi ta jima, rumbun ya rufe kansa, abin da ta tara ya watse. Rezon intanet na unguwarmu kuwa ba kullum yake yarda a koma ba.

To mu nan, ɗiya ta dawo daga tafiya, kowa sai ya zo sannu da zuwa, ita kuma sai ta fito ta durƙusa. Tana tashi, rumbu na rufewa. Sai na shimfiɗa tabarma bakin ƙofa. Duk wadda ta zo in tare ta da hira, daga tsadar hatsi har ciwon baya, har ta manta abin da ya kawo ta.

Rannan sai ga gwaggonta daga Azarori, yayar ubanta.

"Ke, ni za ki tsare da surutu? Ina ɗiyar? Ko boko ya cinye mata gwiwa?"

Wannan ba ta taruwa. Na shiga ɗaki, yarinyar ta kama hannuna ta ɗora kan ordinater don kada rumbun ya rufe.

"Inna, sa yatsa nan, ki yi ta shafawa. Kada ki ɗaga."

Na zauna ina shafawa. Ina jin su a tsakar gida, Gwaggo na ba da labarin wani biki da na fi ta sani, tana ɓata shi. Na cije. Yatsa ya yi tsami, na sauya wani.

"Yau lafiya uwarki ta yi shiru?"

"Aiki take, Gwaggo."

Da sunka gama gaisuwa ta dawo a guje, ta leƙa. Sunayen na nan, ko ɗaya bai tafi ba. Ta sauke takardunta, a shekarar ta ƙare.

Ni kuwa na fita na gyara wa Gwaggo labarin bikin tun daga farko.