Yatsun Inna a Bangon Arewa

Kyamarar da na daɗe ina yawo da ita ƙarama ce, mai gilashi ɗaya wanda ba a cirewa. Ta bi ni Alƙahira, ta bi ni birnin Fas, ta sha rairayi a Agadas. Ban taɓa jin ta gaza mini ba sai a ɗakin mahaifiyata, a gidanmu na unguwar Kwarbai.

Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Kunya ce kawai. In ta ga an ɗaga kyamara sai ta ja mayafi ta shige ɗaki. Ta rasu ina ƙasar waje ina karatu, ba mu da ko inuwarta a takarda. Abin da ya rage shi ne ɗakinta na ƙasa, wanda take yi wa yaɓen ciki da hannunta duk shekara kafin ruwa ya sauka. Na san sawun yatsunta na nan a bango. Amma duk hoton da na ɗauka da tsohuwar kyamarar, sai bangon ya fito a shafe, kamar an bi shi da dutsen guga.

Da bazarar bara ɗan wana, wanda gidan ke hannunsa yanzu, ya kira ni ya ce ɗakin ya tsage daga azara har ƙasa, ba zai ɗauki wata damina ba. Ranar Asabar za a rushe shi a sa bulo. Ban yi masa gardama ba, don da gaskiyarsa. Washegari na tafi Kano na sayo sabuwar kyamara da gilasai biyu da ake ɗaura mata: ɗaya mai faɗi da ke haɗiye ɗaki gaba ɗaya, ɗaya kuma mai matsowa kusa, har ya nuna maka gashin ƙafar ƙuda.

Ranar Laraba na shigo birni ta Ƙofar Jatau da ƙafa, ina tafe ina leƙawa ta cikin sabuwar kyamarar. Lungun da na sani tun ina yawo ba takalmi sai ya zama kamar wanda na taɓa gani a mafarki. Indararo ya matso kusa da hancina, akuyar da ke kan dakali ta fito tar, duk abin da ke bayanta ya narke kamar man shanu a rana.

Yayata ce ke zaune a sashen da ke kallon ɗakin Inna. Ta haura tamanin, yanar ido ta hana ta gani, amma har yau Auta take ce mini duk da furfurata. Ta shafa kyamarar daga kai har gindi.

"Auta, wannan bindiga ce?"

"Kyamara ce, Yaya."

"Waccan ƙaramar fa?"

"Ta tsufa."

"Kai ma ka tsufa, ai ba mu canza ka ba."

Kwana biyu na yi a ɗakin. Can sama kusa da azara akwai manyan sawun hannu, a lanƙwashe kamar jinjirin wata, ɗaya na bin ɗaya. Na hau kujera, na kunna fitilar kyamarar, na yi ta ɗauka. A Fas na ga bangon da aka sassaƙa har ido ya rasa inda zai sauka. A Agadas sawun hannu a waje yake, rana na dukansa wuni guda, kowa na gani. Namu a ciki yake, a duhu. Na ji daɗi ƙwarai da sabon gilashin ya kamo shi, har ƙwayar yashi ana iya ƙirgawa.

Da yammacin Alhamis na je na gaya wa Yaya an gama, na samu hannun Inna.

"A ina ka ɗauka?"

"Can sama, kusa da azara."

Ta yi dariya har da tari.

"Inna da ba ta kai kafaɗarka ba, ita ce za ta hau can? Kwana biyu ka yi kana ɗaukar hannun magini. Allah ya jiƙansa, shi ma ya samu mai tunawa da shi."

Ta ce maza ne ke yin sama. Mace daga tsayinta zuwa ƙasa take yi, da laka mai laushi wadda aka kwaɓa da ruwan makuba don ta yi ƙarfi da sheƙi. Ta miƙe ta kama hannuna, ita da ba ta gani ita ke ja na, ta kai ni bangon arewa inda gadon Inna yake a da. Ta ɗora tafina a kai.

"Me ka ji?"

"Layi ɗaya. Sai gurbi. Sai layi biyu."

"Yatsanta na tsakiya ai ba ya miƙewa, tun da taɓarya ta buge shi. Ka manta?"

Na manta. Na riƙe sunayen tituna a garuruwan da ba zan sake komawa ba, a harsunan da ba wanda zan yi su da shi a unguwarmu, amma yatsan ya ɓace mini.

Na ɗaga kyamara na danna. Fitilar ta haska, hoton ya fito a shafe, babu komai. Sawun bai da zurfin da ido zai gani.

"Kashe wannan walƙiyar taka," in ji Yaya. "Bayan la'asar rana kan leƙo ta 'yar tagar kusurwa, ta bi jikin bangon a kaikaice. A lokacin Inna ke yi mini kitso. Kaina na kan gwiwarta, ina ƙirga layukan har su ɓace. Ba sa daɗewa."

Ranar ta riga ta wuce wurin. Saura Juma'a kaɗai.

Da muka sauko daga masallaci hadari ya fara haɗuwa a gabas. Na kafa kyamarar a kan ƙafafunta uku, na ɗaura gilashi mai matsowa, na zauna a ƙasa. Ɗakin na ƙanshin tsohuwar ƙasa da wani abu kamar turaren wuta da ya daɗe da mutuwa. Tattabaru na tafiya a kan soro. A wani gida ana daka, luguden na zuwa yana komawa. Ina jin gyangyaɗi ya ɗauke ni, don na ji kamar ana jan gashin wata a bayana, ana ce mata ta daina motsi.

Muryar Yaya ce ta tashe ni daga bakin ƙofa.

"Auta, na ji ɗumi a ƙafata. Ta shigo."

Haske siriri ya kwanta a jikin bangon, layukan suka taso kamar kunyar gona in aka hange ta daga kan tudu. Ɗaya, gurbi, biyu. Ɗaya, gurbi, biyu, tun daga kusurwa har inda hannunta ya gaji. Na riƙe numfashi na danna, na sake dannawa. Sai iska ta taso, hadarin ya rufe ranar, bangon ya koma yadda yake.

Da safiyar Asabar Yaya ta roƙi maginin da ya zo ya yanko mata ɗan ɓangaren wurin. Ya yi iya ƙoƙarinsa, amma yaɓen ya marmashe a hannunsa. Yaya ta karkaɗe zanenta ta koma ɗaki.

Bayan mako guda na kawo mata hoton, an wanke shi babba. Ta shimfiɗa shi a cinya ta bi shi da yatsu daga gefe zuwa gefe.

"Sumul yake. Faɗa mini abin da ke ciki."

"Layi ɗaya, gurbi, layi biyu."

"To ita ce," in ji ta. "Rataye shi ƙasa-ƙasa, daidai tsayinta."