Tarig Mai Walda da Motar Ƙanin Matarsa

A Hayyin Ashir, idan ka ga ƙofar ƙarfe mai furanni wadda ta fi ƙarfin bangon da aka kafa ta a jiki, aikin Tarig ne. Bahaushen Sudan ne, ya zo Alƙahira da injin walda da aƙida guda: duk abin da ke girgiza, ƙarfe ne ya yi masa kaɗan. Gadonsa, sai da aka tara maza kafin ya hau bene. Matarsa Awadiyya ta daina cewa kujera na rawa a gabansa.

Ƙaninta Ayman yana da tsohuwar mota mai ƙofa biyu, yana kai ta tseren 'yan sha'awa a wani fili a bayan gari. Rukunin ƙanana yake shiga, na motocin da ba a taɓa jikinsu ba. A bana kuwa ya kai zagayen ƙarshe, karo na farko a rayuwarsa, har ya gayyaci mutane.

Kuskurensa ɗaya: ya yi ƙorafi a wurin cin abinci.

"Yaya, idan na sha kwana, ji nake gaba ya juya, baya bai samu labari ba."

"Shasi ne ke murɗewa," in ji Tarig. "Kai da motar duk ba ku da ƙashi. Bar mini makulli."

Ya haɗa kawunan shokozoba biyu na gaba da sandar ƙarfe, ya gitta wasu a ƙarƙashi, ya bi ko'ina da walda. Da yake bai taɓa sakin ƙarfe tsirara ba, sai ya lanƙwasa wa sandar furanni, ya shafa musu fenti ruwan zinare.

Gaskiya motar ta gyaru. Da an taɓa sitiyari sai ta amsa, tayoyi huɗu na riƙe ƙasa tare. Ramukan titin Abbasiya kuma sun fara isowa kai tsaye zuwa haƙoran direba, amma Tarig ya ce wannan alamar lafiya ce.

Ranar tsere, mai duba motoci, wani Bamisire mai tumbi, ya ɗaga bonet ya leƙa.

"Masha Allah. Wa ya yi wannan baranda?"

Tarig ya matso gaba da ƙirji.

"Hannunka ya yi kyau, ya usta, gwanin walda. To amma ma'alish, sai haƙuri, motar ta bar rukunin ƙanana. Duk wadda aka ƙara wa ƙarfe da walda, da manya take gudu." Bamisiren ya nuna wasu motoci can gefe masu gurnani, kowace tayarta ta kai faɗin katifa.

"Waɗancan ko hayaƙinsu ba zan kamo ba!" in ji Ayman. "Yaya, don Allah yanke."

"In yanke me?"

"Abin da ba wanda ya sa ka!"

"Je ka tambayi Hayyin Ashir kaf. An taɓa yanke waldata?"

"To bari in kira Yaya Awadiyya ta tambaye ka."

Tarig ya dubi wayar, ya dubi furanninsa. Ya aro injin yanka daga wani bakanike, ya yi bisimilla kamar mai yanka ragon da ya yi kiwo da hannunsa, ya ɗora faifan injin a kan waldar.

Tartsatsi ya tashi. Faifan ya cinye, sandar na nan. Aka kawo wani, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Tarig ya yi gumi da gaske, ba wanda zai ce bai yi ƙoƙari ba. Ayman na tsalle a kansa yana "Yalla, maza-maza!" Bakanikai suka taru, ba don taimako ba, don kallo. Ɗaya ya ce gada ce wannan aka ɓoye a mota. Suna nan aka ɗaga tuta, ƙanana suka tashi, suka zagaya, suka gama. An yanke fure ɗaya da rabin wani.

A hanyar gida Ayman ya kafa ido a kan titi. Tarig ya ba shi haƙuri, ya kuma ba shi, fuskarsa cike da jimami yadda ya kamata. Sai da suka kusa gida Tarig ya yi gyaran murya.

"Amma ka ga yadda faifan nan ya narke?"