Taguwar da Aka Yaba a Arewacin Tebaram

A da, in na so zuwa arewacin Tebaram, sai in shiga motar kasuwa a tashar Tawa, in sauka inda na ga dama, in tambayi duk makiyayin da na gamu da shi inda abokina ya kafa tanti bana. Yanzu sai an nemi izini, an gaya wa jandarma ranar tafiya da ranar komowa, kuma kowane ɗalibi uwarsa na kan waya tana tambaya ko an isa. Hanyar ta yi nauyi. Amma ba nauyin hanya ne ya hana ni kai ɗalibai can ba.

Abokin nan nawa Buzu ne, mai raƙuma. Na san shi tun ina matashin mushe, wato malami, a wata lakkol, makarantar boko ta ɗiyan makiyaya, kuma a bakinsa na koyi harshensu, Tamashek. Daga baya karatu ya kai ni Dakar, ya kai ni Rabat, aiki ya kai ni har ƙasar Turkawa. Kowace rana da abin da nake tsinta, amma abu guda na tarar ko'ina: mutane na tsoron yabon da ba a ambaci Allah a cikinsa ba. A Dakar uwa kan yi saurin furta wata kalma in ka ce ɗanta kyakkyawa ne. Turkawa suna rataya shuɗin dutsen ado a ƙofa da gaban mota. Mu muna da kambun baka. Sai dai ban ga inda ake ɗaukar abin da zafi kamar wurin mai raƙumi ba.

Da na bar aiki, wata makaranta a Tawa ta roƙe ni in riƙa raka ɗalibanta masu koyon kiwo zuwa daji a ƙarshen damina, tunda ina jin harshen. Wurin abokina nake kai su. A mota nakan ja musu kunne: kada a tambayi mutum yawan dabbobinsa, kada a nuna su da yatsa, in abu ya burge ka ka ce tubarkalla.

A wata shekara akwai wani saurayi ɗan Bambeye, ɗan manoma, wanda ya fi kowa ƙoƙari a ajinsu, ya kuma fi kowa murya. Yana can bayan mota da abin sauraro a kunne sa'ad da nake magana.

Mun isa da hantsi. Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo nono, ƴaƴan abokina suka ɗora butar shayi a gawayi. Mun sha kofi na farko ke nan sai na ji muryar saurayin. Ya hau saman mota yana ƙirga raƙuma da yatsa, yadda aka koya masa a aji. Can ya tsaya kan wata farar taguwa mai ciki.

"Mushe, tunda nake ban taɓa ganin taguwa irin wannan ba. Dubi ƙirjinta."

Na ce tubarkalla da ƙarfi, amma bakina ba nasa ba ne. Abokina ya sa yatsu biyu ya ja amawalinsa, wato gefen rawanin da ke rufe baki, har ƙarƙashin ido. Taguwar nan daga jinin wadda matarsa ta zo da ita daga gidansu take.

Kafin azahar ta durƙusa. Cikinta ya kumbura ta gefen hagu, tana nishi, kumfa na zuba a bakinta. Aka sauke butar daga wuta. A wurinsu shayi kofi uku ne, kuma ba a katse shi ga baƙo sai da dalili. Ƴaƴansa suka koma gefe suna magana ƙasa-ƙasa cikin Tamashek, ba su damu ko ina ji ba. Babban ya ce sun sha gaya wa tsoho ya daina barin ƴan birni suna yawo cikin garke. Ƙaramin ya je ya jingina da ƙofar motarmu, da sandarsa a kafaɗa.

Direba ya matso ya raɗa mini cewa mu tattara mu tafi tun da rana. Na san in muka tashi a haka, ko da an bar mu mun wuce, zumuncin da muka gina tun gashinmu na baƙi ya ƙare a wurin.

Abokina ya zo ya tsuguna kusa da ni. "Malam, ka san abin da ake yi."

Na sani. Wanda bakinsa ko idonsa ya kama abu yakan wanke fuska da hannuwa da ƙafafu cikin ƙwarya, a zuba ruwan a jikin abin da ya kama. Na ga an yi haka a Maroko, na ga an yi a garinmu.

Na ja saurayin bayan mota na gaya masa. Ya ƙi. Ya ce kumburin ciki ne, ta ci ɗanyar ciyawa mai raɓa, abin da take buƙata man gyaɗa ne a ɗura mata, kuma ana ɓata lokaci.

"Mushe, in na wanke ni kaɗai a gaban ƴan ajinmu, kafin mu isa Tawa an ce ni maye ne. Kafin sati labarin ya kai Bambeye. Uwata can take zaune."

Ban iya ce masa ƙarya ba ne, domin na san yadda magana irin wannan take manne wa gida. Na tambaye shi ko zai wanke in aka bar shi ya ba ta man. Ya ce ba dai shi kaɗai ba.

Na koma na roƙi ƙwarya da ruwa. Na naɗe hannun riga a gaban kowa, na ce cikin Hausa, na sake cikin Tamashek, ni ma na dube ta, ta kuma burge ni. Na wanke. Wata ɗaliba, ƴar ma'aikaci a Tawa wadda ba ta taɓa kwana a daji ba, ta gane nufina, ta tsuguna ta wanke. Sauran suka biyo baya, har direba. Saurayin ya shiga a tsakiyarsu.

Babban ɗan ya ce mutum ɗaya ne ya yi magana, ruwan mutum ɗaya ake so. Ubansa ya amsa masa cewa ruwan wanda ake so yana ciki. Ya ɗauki ƙwaryar da kansa ya kwarara wa taguwar daga baya. Sannan ya yi wa saurayin nuni da kai. Aka kawo man girkinmu, ƴaƴan suka riƙe mata wuya, ya ɗura mata.

Muka zauna. Tana ta nishi, ƙudaje na binta. Wani lokaci ta yunƙura kamar za ta tashi, kowa ya miƙe, ta sake komawa. Da la'asar ta shimfiɗa wuyanta a ƙasa. Abokina ya dube ta ɗan lokaci, ya karɓi wuƙa, ya yanka ta da hannunsa kafin ta zama mushe.

Bayan ya wanke hannu ya ce a mayar da buta kan wuta. Muka sha kofi na biyu, muka sha na uku. Na ukun shi ya miƙa wa saurayin.

"Ɗana, ka wanke, ka ba da mai. Saura na Allah ne."

Ƙaramin ɗan ya tashi daga jikin mota. Aka ɗaure mana nama a buhu, ba mu isa mu ƙi ba. Da zan shiga, abokina ya riƙe hannuna ya ja ni gefe. Ya ce tantinsa nawa ne har ƙarshen rai, amma yanzu ƴaƴansa ke bin raƙuma, ba shi ba, kuma ba zai iya tilasta musu ba. In zan zo, in zo ni kaɗai.

Har yau nakan je in hanya ta yi kyau, mu sha shayinmu kofi uku. Amma tun daga ranar ba ɗalibin da ya sake taka wannan zango.